Ƙusar Motar Chindo

Gudumar ta sake suɓucewa daga hannun Chindo, na ji ta daki ƙarfe ta faɗi, sai tari ya biyo baya. Daga shagona ƙafafunsa kawai nake hangowa, sun leƙo daga ƙarƙashin motar, sun rame kamar karan dawa. Na jira tarin ya lafa, ya ƙi lafawa. Na ɗage ƙafata daga keken ɗinki na tsallaka hanya.

"Chindo, hito ka sha iska. Motag ga ba gudu za ta yi ba."

"Da za ta gudu ai da na yi sadaka," ya ce daga ƙasa. "Miƙo mini guduma, tela, ka bar surutu."

Ban miƙa ba. Na kama idon sawunsa na ja, kuma abin da ya tsorata ni shi ne sauƙin da ya yi wajen tahowa. Mutumin da a da yake sungumar buhun gero shi kaɗai ya jefa bayan mota, yau ni tela na jawo shi ko nishi ban yi ba. Ya zauna ya jingina da taya yana haki, idanunsa sun yi rawaya, baƙin mai har cikin gemunsa.

Chindo maƙwabcina ne a Gazawa, ƙofa tana kallon ƙofa, tun yaranmu suna rarrafe har suka yi aure suka watse. Direba ne, kuma shi ke gyaran motarsa da kansa, don bai yarda wani ya sa mata hannu ba. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita yake kai buhuna kasuwar Gangara da ta Cadawa, da ita aka kai kayan ɗakin kusan kowace amarya a layinmu, in kuma naƙuda ta yi gardama ƙofarsa ake bugawa. Ni kaina ban san sau nawa na zage ta ba, saboda hayaƙinta da ke shigar mini yadin mutane.

A kakar nan ciwon hanta ya kama shi. An kai shi Maraɗi, likita ya ba shi magunguna ya ce ya koma gida ya huta, kuma babu wanda bai gane irin wannan hutun ba. Bai daɗe da dawowa ba ita ma motar ta kwanta. Sandar giya ta saki, sai ka yi ta juya ta kamar muciya ba ta shiga ko'ina. Gyaran ba babba ba ne. A ƙasa, inda sandar ta haɗu da ƙarfen da ke shiga akwatin giya, mahaɗin ne ya cinye, kuma Chindo ya riga ya samo wani. Abin da ya rage kawai a fitar da wata 'yar ƙusa da ta riƙe tsohon. Ba ta kai tsawon ƙaramin yatsana ba. Rami gare ta a ciki, da tsaga a gefe, ana dukanta ta shiga a matse, in ta shiga ta buɗe ta kama.

"Ni na ɓata ta," ya ce da numfashinsa ya dawo. "Na nemi ƙarhen da nika hidda ta da shi ban gani ba, sai na ɗauki ƙusar kahinta mai tsini. Shekara nawa ina hana mutane wanga aiki? Ba a sa mata tsini, Hashimu. Tsinin ramin yaka shiga, ya buɗa ta, ta ƙara kamawa. Na sani, na yi. Sauri nika yi."

"Saurin mi?"

Ya waiwaya ya dubi ƙofar gida, ya ga matarsa Zainaba ba ta kusa.

"Gidan Rumji za ni. Wurin Yaya Buba."

A duk zaman da muka yi, sau biyu ko uku na taɓa jin sunan nan a bakinsa. Su asalinsu masu shanu ne, kakanninsu suka sauka a wani ƙauye bayan Gidan Rumji suka kama noma, amma ba su saki dabba ba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba garke, Chindo ya kori nasa kason zuwa kasuwa ya sayar har da na tatsa, ya sayi wannan motar. Wansa Buba bai yi masa faɗa ba, su ba sa faɗa. Magana ɗaya ya faɗa masa, Chindo ya tashi mota ya yo gabas, daga ranar ba su sake haɗa ido ba.

"To ga motoci can tasha kullum," na ce. "Gobe in raka ka, mu sauka Maraɗi mu shiga wata."

"Ba ka san Yaya Buba ba. Cewa ya yi randa ƙarhen nan ya mutu, cikin motar haya zan zo mishi ina roƙon hura. In na je cikin motar haya, mi na je yi?"

"Neman gahwara ka je yi, ko ba shi ba ne?"

"Shi ne. Amma sai ya gan ta tana tahiya."

"To kira shi ga salula mana."

Ya dube ni kamar na zage shi. "A nemi gahwarar babban wa ga salula? Haka kuka yi gidanku?"

Haushi ya kama ni har wuya. Na ce masa taurin kansa ya fi na ƙusar, ya yi dariya har tarin ya dawo. Na koma shago na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na warware.

Daga ranar aikinmu ya koma ƙusa. Da safe Chindo zai rarrafa ƙasa ya ɗiga mata man birki, ya ce a bar ta ta jiƙa. Da hantsi ya gwada, da la'asar ya gwada. Zainaba ta daina yi masa magana a kai, sai dai ta kawo kunu ta ajiye kusa da taya, ta dawo ta ɗauke shi da sanyinsa. Wata rana ta tare ni a zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Malam Hashimu, ka yi mishi magana. Ƙarhin da ya rage mishi duk ƙarƙashin mota yaka zubda shi."

Na yi masa magana. Na yi da lallashi, na yi da faɗa, har limaminmu na ɗauko. Chindo ya saurari liman da ladabi, ya ce gaskiya ne, Allah gafarta malam, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya shige ƙarƙashin mota.

Surukinsa Abdurrahaman, mijin babbar 'yarsa, shi ma direba ne. Ya zo da injin huda ƙarfe da ya aro, ya ce yanzu za a gama. Chindo ya ce ƙarfen ƙusar ya fi bakin injin tauri, Abdurrahaman ya ce a dai gwada, Baba. Aka gwada, bakin injin ya karye. Ya ce to a sa mata wutar walda. Chindo ya ce wuta za ta cinye robar da ke tare mai a bakin akwatin giya, kuma irin robar nan sai an je Maraɗi ana yawon nema. Abdurrahaman ya naɗe wayar injin ya tafi yana girgiza kai.

Ni kuwa ina kallon mutumin yana ƙarewa a gabana. Wandon da na ɗinka masa da sallah sai da na rage masa ƙugu, na sake ragewa.

Ran wata Laraba ya kira ni tun hantsi bai yi zafi ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera kayan aiki a kai: magagari, guduma, da wata 'yar sandar ƙarfe da ya sa maƙeri ya daidaita mata baki, shafaffe, kaurinta daidai kaurin ƙusar.

"Yau kai za ka yi," ya ce. "Hannuna ya ƙi."

"Ni allura na sani."

"Shi ya sa. Ba ƙarhi taka so ba, daidai taka so."

Muka shige tare, ni da shi, muka kwanta rigingine kafaɗa da kafaɗa a kan yashi mai warin mai. Na girma ban taɓa ganin cikin mota daga ƙasa ba. Ya nuna mini kan ƙusar inda tsinin ya baje shi, ya ce in goge shi da magagari har ya yi daidai da jikin ƙarfen. Na goga, garin ƙarfe yana zubo mini a ido, yana cewa a hankali, kar in ci mahaɗin. Da ya shafa da yatsa ya ji ya yi sumul, sai ya ce mu juya ta ɗaya gefen, ta inda ba a taɓa dukanta ba. Ya tokare bayan ƙarfen da katako don kar dukan ya tafi a banza. Ya ɗora sandar a bakin ƙusar, ya riƙe da hannu biyu.

"Buga."

"In na samu yatsanka hwa?"

"Ina da tara. Buga."

Na buga. Ba abin da ya motsa. Na sake, ya ce kar in ja hannu baya, in bar gudumar ta sauka da nauyinta. Na yi ta bugawa har kafaɗata ta ɗauki zafi, ina jin numfashinsa a kunnena, gajere, da wani ƙara a cikinsa. Can sai sautin ya canza. Da ƙarfen yana amsawa tsaf-tsaf, yanzu ya koma amsawa a dushe.

"Ta motsa," ya ce a hankali. "Kar ka tsaya."

Wani dukan, sandar ta nutse, wani abu ƙarami ya faɗi a yashi kusa da kunnena. Chindo ya lalubo shi ya ɗaga a tsakaninmu, baƙi, tsatsa ta ci gefensa. Ya fara dariya, ni ma na kama, tsofaffi biyu kwance a ƙarƙashin mota muna ƙyaƙyatawa, har Zainaba ta fito ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Sa sabon mahaɗin bai ɗauke mu lokacin shan shayi ba. Amma da na fito na miƙa masa hannu, Chindo ya kasa fitowa. Aka kira Abdurrahaman, ni da shi muka jawo shi a kan buhun, muka ɗauke shi zuwa ɗaki.

Washegari bayan sallar asuba Zainaba ta aiko a kira ni. Na same shi kwance, ya sa an fito masa da babbar rigarsa da hula, ga su a ninke a gefen katifa. Ya gwada tashi a gabana, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa.

"Ku tahi da motar, kai da Abdurrahaman," ya ce. "Ka ce ma Yaya Buba ƙanenshi ya so zuwa da kanshi, ƙahwa ta ƙi. Ka ce ina neman gahwara. In ya yarda ya shigo ta, ku taho da shi."

"In ya ƙi shiga hwa?"

"To ya dai gan ta."

Abdurrahaman ya tashi motar, ta yi tarinta na kullum ta kama. Giya ta shiga lau, ba gardama. Muka hau kwalta muka nufi yamma, muka wuce Agye, muka wuce Cadawa, gonaki duk an girbe, dammunan gero jere a bakin hanya. A shingen jandarma na Maraɗi wani ya leƙo ya ce ashe wannan tana nan da rai. Bayan Tibiri ta yi zafi, muka tsaya muka ba ta ruwa. Rana ta kusa tsakiya muka saki kwalta a Gidan Rumji, muka bi hanyar yashi, salulata ta daina kama komai.

Buba ba ya gida, yana wurin shanu. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono, aka aika a kira shi. Da ya iso sai na ga fuskar Chindo ce sak, sai dai ta fi tsufa kuma ba mai a gemun. Ya gaishe mu, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi amfanin gona a wajenmu. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo mu, ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya magana da ƙishi, mu sha tukuna. Ya ga motar tun daga nesa, na tabbata ya gane ta, amma ko kallonta bai yi ba. Sai da muka sha, muka yi azahar, sannan ya gyara zama.

Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa. Sannan ya tashi ya nufi motar, ya zaga ta a hankali, ya shafa gefenta da tafin hannu yadda suke shafa saniya in za su saya.

"Ita ce dai? Ba a canza ba?"

"Ita ce."

"Ya riƙe ta da kyau," ya ce. Ya juyo. "Gahwarar mi yaka nema? Na yahe mishi tun bai kai Tibiri ba."

"To don mi ba ka aika mishi ba, Malam Buba?"

"Shi ne ƙarami. Shi ka zuwa."

Wallahi a lokacin na ji kamar in kama su su biyun in gwara kawunansu. Na ce to mu tashi, jikin ya yi tsanani, kar mu ɓata lokaci. Ya ce sai ya ɗauko abu ɗaya. Na zaci riga ce. Sai ga shi ya sa an koma daji an koro wata karsana ja mai farin goshi.

"Randa ya sai da nashi, na bi dillali na maido guda, wadda innarmu taka tatsa," ya ce. "Wagga daga tsatsonta take. Tashi ce. Ba ni zuwa mishi hannu wofi."

Karsanar ba ta taɓa ganin mota ba, kuma ba ta da niyyar shiga. Aka nemi tudu aka juya bayan motar, aka ja, aka tura, ta ƙwace ta yi cikin gona, aka bi ta. Ina tsaye ina kallon inuwa tana tsawo, ina cewa a bar ta a kawo daga baya, ba wanda ya saurare ni. Da ƙyar aka ɗaure ta. Buba ya naɗe rigarsa, ya yi bisimilla, ya shiga gaba ya zauna tsakanina da Abdurrahaman, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Tayoyinmu suna taɓa kwalta salulata ta yi ƙara. Matata ce, Fadimatu. Ta ce Chindo ya cika, tun kafin azahar ake nemanmu ba a samu ba. Ta ce an jira, an jira, zafi ya yi yawa, liman ya ce a yi masa sutura. Yanzu maza suka dawo daga maƙabarta.

Daga baya Zainaba ta ba da labarin safiyar. Da muka tashi, ya ce ta buɗe taga. Ya kasa kunne yana bin ƙarar motar, yana cewa ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku, har ƙarar ta ɓace. Ya ce mata ta ji dai yadda take shiga. Ya sha kunu kaɗan, ya ce a share ƙofar gida don baƙo na tafe, ya juya ya fuskanci bango. Ta ɗauka barci yake. Ni da nake ɗinka likkafanin kowa a layinmu, nasa wani ne ya ɗinka, kuma wannan abu har yau yana ci mini rai.

Na kashe salular na riƙe ta a hannu. Abdurrahaman ya dube ni sau ɗaya, ya mai da idonsa kan hanya, na ga hawaye yana bin kuncinsa. Na nemi yadda zan fara.

"Malam Buba, jikin dai..."

"Na ji," ya ce. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Har Maraɗi ya kafe idonsa a kan sandar giya, duk lokacin da Abdurrahaman ya canza sai ya bi hannun da kallo. Wajen Cadawa ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, ko ƙanensa ya yi furfura. Na ce ya yi, amma bai kai shi ba. Ya gyaɗa kai.

Mun shiga Gazawa ana shirin kiran magariba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Chindo, daidai inda motar take kwana, mutane zaune a kai, don haka muka tsaya a gaban shagona. Masu zaman makoki suka miƙe da suka ga fuskar da ta fito daga motar, wani dattijo har ya ja da baya yana salati. Liman ya matso ya miƙa hannu zai yi gaisuwa. Buba ya ce a dakata masa kaɗan, dabbar ta wahala.

Ya zaga baya ya kwance ta da kansa. Aka kama masa aka sauke ta, ƙafafunta suna rawa saboda doguwar tafiya. Ya shafa wuyanta, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci har ta natsu. Sannan ya ja ta ya tsallaka hanya, mutane suna janye tabarmi suna ba shi wuri, har ya kai bakin zauren. A nan ya tsaya, ya yi sallama da murya sosai, irin ta baƙon da ya zo daga nesa.

Daga cikin gida ba a jin komai sai kukan mata ƙasa-ƙasa. Buba yana tsaye da igiya a hannu, karsanar ta sunkuyar da kai tana shinshinar dokin ƙofa.